Kowa ya ce zai fito gayya, to wane ne bai fito ba?

Ɗan Fadama: Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun ranar Asabar, na kasa haɗiye shi, shi ya sa na kawo shi gabanku.

Kun ji sanarwar da aka yi bayan sallar Juma'a cewa za a yi gayya, a ɗaga jingar gabas da gari wadda ruwan 2022 ya cinye, a kuma sare kachallar da ta toshe bakin mashigi tun damina ba ta kankama ba. Kafin ranar na bi gida-gida a unguwarmu da unguwar masunta. Duk wanda na yi wa magana amsarsa ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Ni dai zan zo, amma mutanen garin nan ba za su fito ba, wahalar banza za ka sha." Ranar Asabar da hantsi mu goma sha ɗaya ne a bakin jinga, shebur huɗu, baro ɗaya. Muka cika buhunan da muka iya cikawa, rana ta take, muka watse.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, waɗanda muka kwana tare da su a ajin firamare ruwa na bin ƙarƙashin benci, su ne ban gani ba. Shin mutanenmu ba su yarda yanayi ya sauya ba ne? Ko sun yarda, sun dai fid da rai ne? A faɗa mini gaskiya.

Baba Mai Rumbu: Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubutawa, ni ina faɗa masa. Ɗana, kada ka ce ba mu yarda ba. Na ga farin 1973 da idona, na ga na 1984, lokacin da shanu ke faɗuwa a bakin hanya, mutanen arewa suka gangaro mana da 'ya'yansu a goye. Kakana kuma ya sha ba mu labarin yunwar Kakalaba. Fari ba baƙonmu ba ne. Baƙon shi ne rashin tabbas. Da can in shamuwa ta iso ta fara sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gida, sai mu yi binne hankali kwance, mun san ruwa na tafe. Yanzu ruwa zai sauka ka yi shuka, ya ɗauke maka sati uku ta ƙone, ka sake zuba iri. Sai watan Agusta ya zo a dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Maiwa da ubana ya bar mini irinta na daina shukawa, ba ta samun ruwan ƙarshe.

Amma ni abin da na sani, ruwa na Allah ne. An bar fid da zakka, ana tauye mudu a kasuwa, zumunci ya mutu. Mu gyara tsakaninmu da Allah, ba buhun yashi ne zai tare abin da ya ƙaddara ba.

Malamin Islamiyya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Maganar zakka da mudu gaskiya ce, hadisi ya zo da ita, ba wanda zai yi musu. Sai dai Baba, cikin ladabi, addinin da ya faɗi wannan shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya yi tawakkali. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka nuna masa shekaru bakwai na fari na tafe, bai ce a zauna a jira ba, tanadin hatsi ya sa aka yi a zangarniyarsa. Kuma a Suratur Rum Allah ya gaya mana ɓarna ta bayyana a tudu da ruwa saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Sare bishiya ba dasawa aikin hannu ne, toshe hanyar ruwa da gini aikin hannu ne. Istigifari da shebur ba kishiyoyin juna ba ne.

Ni ma ban fito ranar Asabar ba. Dalilina shi ne na ɗauka ba za a taru ba. Na yi kuskure, ina neman afuwa.

Ɗalibi a Dutse: Allah gafarta Malam, ni inda nake da ja shi ne kan "hannayen mutane". Hannayen su wa? Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya. Garinmu ko masana'anta ɗaya babu, wuta ma sai a yi kwanaki ba a gan ta ba. Ingila da Amurka da sauran Turai sun fi shekara ɗari suna ƙona kwal da mai, yanzu Sin ce kan gaba. A 2009, a taron duniya kan yanayi a Kofanhegan, ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara kafin 2020, wa'adin ya wuce ba su cika ba. A 2022 a Masar aka amince da asusun biyan asara da ɓarna, a shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A 2024 a Baku aka ce biliyan 300 duk shekara nan da 2035. Wa ya ga ko kwabo a nan? Su suka ɓata, su gyara. Me ya sa talakan da bai ci nanin ba nanin za ta ci shi?

Ɗan Fadama: Ƙanena, ban ƙi ta taka ba ko kaɗan. Amma ruwan Agusta ba zai jira a biya mu ba.

Malamin Gona: Bari in sa baki, don na ga ana haɗa abubuwa biyu a kwando ɗaya.

Na farko shi ne abin da ɗalibinmu ya faɗa. Hayaƙin kwal da fetur da gas yana taruwa a sama ya riƙe zafin rana, kamar yadda ɗakin kwano ke riƙe zafi har bayan magariba. Shekarar 2024 ita ce mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iska kuwa in ta ƙara zafi da maki ɗaya, tana iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa hadari in ya tashi sauke kayansa yake saukewa gaba ɗaya. Masu bincike da suka bi hotunan tauraron ɗan'adam sun gano manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ka ga abin da Baba ya gani da ido daga bakin gonarsa, shi ne na'ura ta gani daga sama. Masu alkama ma shaidu ne: alkama sanyi take so, hunturu kuwa in ya yi gajarta zafi ya riske ta tana cika ido, sai ƙwayar ta motse.

Na biyu kuwa namu ne na gida. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja ya daina ƙafewa da rani yadda ya saba. Ruwan da ke kwance shekara zagaye shi kachalla ke so. Ta cika hanyoyin ruwa tun daga nan har Guri da Kirikasamma zuwa Nguru, laka ta taru a gindinta, kogi ya cike. Ruwa ya zo bai sami hanya ba, dole ya shiga gona da gida. A cikinta kuma jan baki ke kwana, ya fito ya cinye shinkafa da gero. Wannan ba Bature ne zai zo ya sare mana ita ba. Akwai wadda sai injin gwamnati, akwai wadda lauje da kwale-kwale sun isa, kamar ta bakin mashiginmu.

Kuma ina roƙo, hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara, a riƙa saurara a rediyo. Wanda zai iya ya nemi gero mai saurin nuna irin Sosat, ya raba ƙafa, kada ya zuba irinsa duka a ruwan farko.

Maman Sadiƙ: Salamu alaikum. Iyayena maza, ku yi haƙuri zan yi magana, don duk wannan zancen a murhunmu yake ƙarewa. Kullum ana cewa mata ne ke cinye daji. Maigidana ya saya mini ƙaramar tukunyar gas, na yi murna, hayaƙi ya daina sa ni hawaye da tari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya fi ƙarfinmu, ga kuɗin mota zuwa Haɗeja a ɗuro. Tukunyar na nan ƙarƙashin gado ta yi ƙura. Na koma kara da kashin shanu, in sun ƙare sai icce. 'Yata mai shekara goma sha biyu tana fita bayan asuba neman icce, ba ta dawowa sai hantsi ya ɗaga, ta makara makaranta. Lokacin da nake kamarta bayan gari kawai muke zagayawa mu cika igiya.

Wa zai ce mini ban san daji ya ƙare ba? Na fi kowa sani. Amma yara takwas ba za su ci ɗanyen tuwo ba. Kuma a gayyar nan ba wanda ya aiko wa mata. Da an gaya mana, da mun dama kunu mun aika, da mun tura samarinmu. Uwa in ta ce wa ɗanta tashi ka je, zai je.

Ɗan Fadama: Hajiya, wallahi wannan laifina ne. Ƙofar gida na tsaya ina sallama da maza, ban aika cikin gida ba.

Mai Gawayi: Tunda an zo kan icce na san ni ake kallo. E, ina sayar da gawayi. Ruwa ya cinye mini shinkafa shekara biyu, bashin taki na wuyana. Da in yi sata gara in yi wannan. Kuma ku sani, rabin abin da nake ɗorawa a mota birni yake tafiya, gidajen masu albashi da masu shayi da masu gasa nama. Na san marke da ƙirya sun kusa ƙarewa, da hannuna na sari wasu, kuma raina ba ya so. A ba ni wata sana'a yau, gobe ba za ku gan ni da gatari ba.

Ɗalibi a Dutse: To kun ji. Shi ya sa nake cewa maganar ta gwamnati ce. A 2021 Buhari ya je taron duniya kan yanayi a Gilasgo ya yi alkawarin Najeriya za ta daina ƙara hayaƙi a sama nan da 2060, ya kuma sa hannu a dokar sauyin yanayi. Ga shirin katangar bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta ɗauko tun 2007, daga Senegal har Jibuti, Jigawa da Kano na cikin jihohi 11 da ya shafa. Ga shirin farfaɗo da ƙasa da ruwa na Bankin Duniya mai suna ACReSAL, dala miliyan 700 don jihohin Arewa. Kuɗi akwai, tsari akwai. Aikinmu mu tambaya ina suka shiga, ba mu ɗauki shebur muna yi musu aikinsu ba.

Kawu Direba: Ɗana, tambaya a yi ta, ina bayanka. Amma bari in gaya maka abin da na gani, don gani ya kori ji. Shekara ashirin ina jigila tsakanin Maigatari da Damagaram, wani lokaci har Maraɗi. Ƙasarsu ta fi tamu rairayi, ruwansu bai kai namu ba. Amma ka shiga gonakin wajen Matamaye da Magarya, gawo ne reras a tsakiyar gero. Na tambayi wani dattijo da nake sauka gidansa wace hukuma ta dasa musu. Ya kama hannuna ya kai ni gona, ya nuna mini wani kututture da ya yi toho kamar guda goma. Ya zaro wuƙa ya sare bakwai, ya bar uku masu ƙarfi, ya ɗaure musu tsumma ja don yara su san da mai su. Ya ce shi ke nan, sassaben zamani suke ce masa. Saiwar tana nan da rai a ƙasa tun zamanin iyaye, ba ta bukatar ban ruwa. Mu kuwa duk bazara sai mu sassabe tohon nan tas mu cinna masa wuta, mu ce mun gyara gona.

Gawo kun san halinsa, da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen ya zama taki, da rani ya ba dabba 'ya'ya. Rassan da ake ragewa kuma su ne iccen girkin matansu. Da wannan dabarar aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a Nijar tun daga shekarun 1980, kuma Hausawa 'yan'uwanmu ne suka yi, yawancinsu ba su taɓa jin sunan wani taron duniya ba.

Mu kuma fa? An taɓa kawo mana dashe cike da mota bayan ruwa ya ɗauke, aka yi hotuna, aka tafi. Ba wanda aka ce wannan naka ne. Kafin hunturu ya fita awaki sun gama da su. Abin da ba na kowa ba, ba ya rayuwa.

Jauro: Kawu ya yi gaskiya kan gawo, mu muka fi kowa sanin amfaninsa. Amma a sa mu cikin shawara. Burtalin da muke bi zuwa fadama an nome shi, mashayar da ke yamma ta ƙafe tun kafin tsakiyar rani. In kowa ya ce bishiyar gonarsa tasa ce, ba mu ƙi ba, sai dai a zauna a faɗi lokacin da za mu shiga da wanda ba za mu shiga ba. In ba a yi haka ba, abin alherin zai koma rigima. Kuma gayya in an kira mu za mu zo, rugarmu ruwan ya fara ci kafin ya iso gari.

Malama daga Kano: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma maganar da Yaya Ɗan Fadama ya buɗe da ita ce ta hana ni wucewa. Ya ce kowa ya gaya masa "ni zan zo, saura ne ba za su zo ba." Yaya, wannan ba ciwon garinmu kaɗai ba ne. A 2024 an wallafa wani bincike da aka tambayi mutum kusan 130,000 a ƙasashe 125. Kashi 69 cikin 100 suka ce a shirye suke su ba da kashi ɗaya cikin ɗari na abin da suke samu don a magance ɗumamar yanayi, kashi 89 suka ce suna son gwamnatocinsu su ƙara himma. Amma da aka tambaye su mutum nawa suke jin za su yarda a cikin 'yan ƙasarsu, sai suka faɗi adadin da bai kai na gaskiya ba. Kowa na da niyya, kowa na zaton shi kaɗai ne mai ita.

Ku duba zauren nan kawai. Malam ya ce bai fito ba don ya ɗauka ba za a taru ba. Hajiya ta ce ba a aika musu ba. Jauro ya ce ba a kira su ba. Har Mai Gawayi bai ce ƙarya ne daji na ƙarewa ba. Ban ga mutum ɗaya da ya musa ba. Kalmar "sauyin yanayi" ce baƙuwa a bakin mutanenmu, ta rediyo ce. In ka ce wa tsoho damina ta rikice, shi zai ba ka labari har ka gaji.

Shawarata, kada a sake yin sanarwa a tsaya nan. A rubuta sunaye, a karanta su a masallaci, kowa ya ji maƙwabcinsa ya sa hannu.

Ɗalibi a Dutse: Anti, na ji wannan kuma ta shige ni. Amma ina nan kan bakana cewa a haɗa da takarda zuwa ƙaramar hukuma kan injin sare kachalla. Zan rubuta, in dattawa za su sa hannu. Ranar gayya kuma a sa sunana, zan taho ranar Juma'a da yamma.

Baba Mai Rumbu: Jikana ya karanta mini duka. Malam, na karɓi gyara, Allah ya yi maka albarka. Ni ƙarfina ya ƙare, amma ina da buhunan taki wofi sun fi talatin a rumbu, a zo a ɗauka, jikokina biyu kuma za su fito.

Sai dai akwai abin da ba wanda ya ambata, ku yara ba ku san shi ba. Jingar nan ta gabas, duk lokacin da muka ɗaga ta, ruwan ba ɓacewa yake ba. Juyawa yake ya faɗa wa mutanen ƙauyen da ke gangare da mu. Shekarun baya an yi haka, suka zo da dare suka fasa ta, aka kusa zub da jini, sai da hakimi ya shiga tsakani. Akwai 'ya'yanmu mata da ke aure a can. Kada ku zuba buhu ko ɗaya sai an je an zauna da dagacinsu. In za a buɗe mashigi a sare kachalla tare da su, ruwan ya sami hanyarsa ta asali zuwa kogi, kowa ya huta. In kuwa jinga kawai za ku ɗaga, kun tura wa ɗan'uwanku ne.

Malamin Gona: Baba, wannan ita ce maganar da ta fi duk wadda na faɗa. A fara da mashigi, jinga ta biyo baya. Kuma masu shiga ruwa su kula, ruwan kachalla na da tsargiya, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan aikin ya je asibiti, maganinta na nan.

Maman Sadiƙ: Na yi magana da matan layinmu yanzu ta kan katanga. Mu tara mun yarda, kowace za ta kawo gwangwani biyu na gero. Wa zai ba da tsamiya da sukari?

Mai Gawayi: Sukari na wuyana. Kawu Direba, in ka sami lokaci ka zo gonata ta tudu ka nuna mini yadda ake rage tohon nan, akwai kututturan sabara da kalgo da yawa ban riga na sassabe ba.

Ɗan Fadama: Alhamdu lillahi. Zuwa yanzu suna ashirin da shida na rubuta, ban da mata da mutanen Jauro. Malam, in ka amince kai da Kawu ku raka ni wurin mai gari gobe bayan la'asar, shi ya sa mana ranar zuwa wurin dagacin gangare. Baba, wa kake ganin ya kamata ya yi mana jagora a can, wanda suke jin nauyinsa? Kuma har yanzu ba mu da kwale-kwale ko ɗaya, 'yan unguwar masunta da ke zauren nan ku yi magana.